Majami'ar Ƙasa ta Wusasa: Ginin da Ke Magana da Hausa



Akwai wata tambaya da kusan kowannenmu ya taɓa shan ta, a makaranta, ko a sansanin bautar ƙasa, ko a cikin mota: "Kana jin Hausa haka, kuma kai Kirista ne?" Wani da mamaki yake yin ta, wani da zolaya, wani kuma da gaske bai taɓa sanin akwai irinmu ba. Ko mu Hausawa ne gaba da baya, ko kuwa Hausa ce harshen sujadarmu da cinikinmu, yawan jin wannan tambaya ya sa wasunmu sun fara ɗaukar kansu baƙi a ƙasar da aka binne cibiyarsu. Saboda haka a wannan mako muna so mu kai ku wurin wani tsohon mai shaida wanda ya kusa shekara 100 yana amsa tambayar ba tare da ya buɗe baki ba. Muna nufin tsohuwar majami'ar Bartalamawas Mai Tsarki, wadda aka fi sani da St. Bartholomew, da ke Wusasa a bayan ganuwar birnin Zariya. An gina ta a shekarar 1929, da ƙasa, bisa tsarin ginin Hausawa.

Daga Girku zuwa birnin Zariya

Kafin mu duba ginin, bari mu ji yadda aka yi har aka kai ga kafa shi. A shekarar 1900 wata tawaga ta mutum biyar daga ƙungiyar mishan ta CMS, ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, ta taso daga Legas ta nufi Kano. Cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya riga ya je Tarabulus ya koyi Hausa a bakin Hausawan da ke can. Sun isa Kano, amma Sarki Alu bai karɓe su ba, ya umarce su su bar masa gari. Suka juyo zuwa Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya kwanta ciwo ya rasu. Abin da tafiyar farko ta haifa ke nan a idon mutum: kora da kabari.

Likita Miller bai haƙura ba. A 1905 ya samu zama a cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta, yana kuma aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Shekaru suka yi ta wucewa, masu ba da gaskiya ba su taka kara sun karya ba.

A 1913 wani abu ya faru wanda ba dabarar ɗan mishan ce ta kawo shi ba. Tun a ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim, wanda karatunsa ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa ƙwarai, har aka kashe shi a kan abin da yake koyarwa. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka warwatsu, wasu suka nufi ƙasar Ningi. Daga zuriyar waɗannan mutane ne wasu suka zo wurin Miller suna neman ƙarin sani a kan Isa. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, suka yi gonaki, da makaranta, da wurin sujada. Ba a jima ba cutar barci ta faɗa wa ƙauyen, ta kwashe mutane da yawa, aka tattara waɗanda suka rage zuwa Zariya. Ku riƙe wannan da kyau: cikin iyalan farko na wannan ikkilisiya akwai Hausawan da ƙishin sanin Almasihu ya kama kakanninsu tun kafin mishan ta kafu a ƙasarsu.

Gwamnatin mulkin mallaka kuwa ba ta son zaman mishan a tsakiyar birnin Musulmi, domin ta yi wa sarakuna alkawari ba za ta taɓa musu addini ba. Matasa da yawa suna zaton Turawan mulki da 'yan mishan bakinsu ɗaya ne. A Arewa sau da dama ba haka abin yake ba. An yi ta ja-in-ja, a ƙarshe mishan ta fita daga birni ta koma Wusasa, kusa da dutsen Kufena. A lokacin wasu samari daga Jami'ar Kambirij sun shigo aikin. Cikinsu akwai Max Warren, wanda tarin fuka ya mayar da shi gida kafin ya cika shekara, daga baya ya zama babban sakataren CMS. Akwai kuma Rabaran Guy Bullen, wanda a ƙarƙashin jagorancinsa aka kafa sabon mazaunin, aka gina majami'ar. Shi ma bai yi tsawon rai ba: an naɗa shi mataimakin bishop na Masar da Sudan, ya rasu a haɗarin jirgin sama a Sudan a 1937.

Zaɓin da aka yi a 1929

Don mu gane nauyin abin da aka yi a Wusasa, sai mu leƙa abin da ake yi a wani gefen ƙasar nan a daidai waɗannan shekaru. A Legas, a 1925, Yariman Ingila ya aza harsashin babbar majami'ar Almasihu da ke Marina, aka kammala ta a 1946. Gini ne mai kyan gaske, da hasumiya da dogayen tagogi masu tsini, irin na manyan majami'un Turai. Mutanen wancan zamani da dama, Turawa da baƙar fata, abin da suka sani da sunan majami'a ke nan. Wanda ya ce zai gina ɗakin Allah da ƙasa, kamar zauren mai unguwa, to ya saɓa wa abin da ido ya saba gani.

Ba za mu ɓoye muku ba, akwai batun kuɗi a ciki. Siminti da kwano a lokacin daga ƙetare ake kawo su, ƙasa kuwa ga ta nan a ƙarƙashin ƙafa, magina kuma ga su a Zariya. Amma ginin ƙasa na Zazzau ba abin da talaka ke yi don ya rasa yadda zai yi ba ne kawai. Sana'a ce mai sarauta da gado, har da Sarkin Magina. A wannan birni ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830, ginin da masana gine-gine na duniya ke zuwa kallo har yau. Da ilimin nan na maginan ƙasar Hausa, wanda aka gina fadoji da masallatai da sorayen attajirai da shi, aka ɗaga ɗakin sujadar Wusasa. An ba Ubangiji mafi kyan abin da ƙasar ta iya yi.

Yadda ƙasa ke zama soro

Yawancinku a gidan bulo kuka tashi, don haka bari mu bayyana yadda ake irin wannan gini.

Da rani ake yin sa. A haƙo jar ƙasa, a jiƙa ta, a zuba ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta tsumu. Sai a mulmula tubali da hannu, gindinsa da faɗi, kansa da tsini, a shanya a rana. Magini yana jera tubalin tsininsa na kallon sama, yana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango yakan yi kauri sosai a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa. Kaurin nan shi ne sirrin sanyin ɗakin: bango yana shanye zafin rana a hankali, sai dare ya yi ya sake shi. Shi ya sa wanda ya shiga soron ƙasa da tsakar ranar bazara yakan ji kamar ya shiga inuwar kuka, ba fanka, ba janareta.

Rufi shi ne inda gwaninta take. Ana amfani da azara, wadda ake tsagawa daga kututturen giginya, don gara ba ta cin ta da sauƙi. Amma azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita 2. To yaya za a rufe ɗakin da zai ɗauki taron jama'a? Nan ne maginan Hausa suka fito da bakan gizo. Ana dasa azara a cikin bango ta wannan gefe da wancan, kowane jeri yana ɗan zarce na ƙasansa, ana ɗaure su da igiya, ana lulluɓe su da ƙasa, har hannuwan biyu su haɗu a sama su zama baka. A kan bakunan nan ake shimfiɗa sauran azara, a zuba ƙasa, a daɓe. Daga waje sai a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso da ake haɗawa da katsin marina, don ruwa ya zame. A sa indararo ya zubar da ruwan rufi nesa da gindin bango.

Ku dubi abin da ke cikin wannan gini: ƙasar wurin, giginyar fadama, ɗorawar gona, katsin karofi, da hannun mutanen gari. Babu abin da ya hau jirgin ruwa.

Abin da ginin ke faɗa

Shekara uku bayan gina majami'ar, a 1932, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Miller ya ba da shekarun ƙarfinsa a kai, tare da taimakon Hausawa masu bi da ma'aikatan wasu ƙungiyoyin mishan. Mu a wurinmu waɗannan abubuwa biyu tagwaye ne. An juya Maganar Allah zuwa harshenmu, an kuma juya ɗakin sujada zuwa ginin ƙasarmu. A ranar Fentikos, kamar yadda muke karantawa a sura ta 2 ta Ayyukan Manzanni, Ruhu Mai Tsarki bai tilasta wa taron su koyi harshe ɗaya ba, kowa ya ji bishara da harshen da aka haife shi a ciki. Manomin da ya shiga majami'ar Wusasa a 1930 bai ga abin da zai sa ya tsargu ba. Bangon irin na gidansa ne, ƙanshin ƙasar ya san shi, rufin irin na zauren hakiminsa ne. Ginin ya gaya masa, tun kafin mai wa'azi ya hau bagade, cewa ba sai ya zama Bature kafin ya zama na Almasihu ba.

Kuma wannan 'yar ƙaramar al'umma ta ba ƙasa abin da ya fi yawanta. Daga wannan mishan Dokta R.A.B. Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗan wannan gida ne. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, ya yi karatu a makarantar Wusasa. Haka Janar Yakubu Gowon, wanda mahaifinsa mai bishara ne, a Wusasa ya tashi kafin ya shugabanci Nijeriya a waɗannan shekaru guda. Asibitin St. Luke ya yi jinyar Kirista da Musulmi ba bambanci. Yau Wusasa mazaunin bishop ce, da kwalejin tauhidi. Ba don alfahari muke lissafa waɗannan ba, sai don ku san cewa ba a iya ba da tarihin Arewa a tsallake masu bi. Duk wanda ya ce muku ku baƙi ne, tarihi bai goyi bayansa ba.

Har sunan majami'ar ma da darasi. Bartalamawas yana cikin manzanni goma sha biyu, masana da yawa kuma suna ganin shi ne Nata'ala na sura ta 1 ta Bisharar Yohanna, wanda ya yi shakkar ko wani abin kirki zai fito daga Nazarat. Filibus bai tsaya gardama da shi ba, ya dai gayyace shi ya je ya gani da idonsa. Ga mai shakkar ko bangaskiyar Kirista tana da saiwa a ƙasar Hausa, amsarmu ke nan. Gani ya kori ji.

Ginin da ba ya rayuwa shi kaɗai

Yanzu ga abin da ya fi damunmu. Ginin dutse yana iya yin ɗaruruwan shekaru ba wanda ya kula da shi. Ginin ƙasa ba haka yake ba. Idan indararo ya toshe damina ɗaya, ruwa ya kwanta a rufi, azara ta ruɓe. Idan makuba ta zaizaye ba a sake shafawa ba, bango ya fara zubewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ma'anar wannan ita ce, duk tsohon ginin ƙasa da kuka gani a tsaye, wasu hannuwa ne suka yi ta riƙe shi, shekara bayan shekara, yawancinsu ba wanda ya rubuta sunayensu. Idan majami'ar Wusasa ta kai 2029 ta cika shekara 100, ba maginan farko kaɗai za a gode wa ba, har da duk wanda ya taɓa hawa rufinta kafin ruwan fari.

Haka bangaskiya take. Manzo Bulus, a sura ta 4 ta wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa, ya kwatanta mu da tukwanen ƙasa da aka zuba dukiya mai daraja a ciki, don a san ikon na Allah ne. Ba a gadon bangaskiya kamar yadda ake gadon gona. Kowane tsara sai ya karɓe ta da kansa, ya toshe inda ta tsage, ya miƙa wa na baya. Tsara ɗaya ya yi sakaci, sai a wayi gari an ga kufai.

Kada wani ya fahimce mu a karkace. Ba mu bauta wa gini. Istifanas ya tuna wa majalisa cewa Maɗaukaki ba ya zama a ɗakin da hannu ya gina, Manzo Bitrus kuma ya ce mu masu bi mu ne duwatsu masu rai da ake gina haikalin da su. 'Yan'uwanmu da aka ƙone musu majami'u a lokutan rikici sun yi sujada a kan toka, Ubangiji kuma yana tsakiyarsu. Amma Allahn nan ne ya umarci Joshuwa, a sura ta 4 ta littafinsa, a ɗauko duwatsu goma sha biyu daga tsakiyar Urdun a kafa su, domin ran da 'ya'ya suka tambayi ma'anarsu, iyaye su ba su labarin abin da Ubangiji ya yi. Tsohuwar majami'a irin wannan dutse ce. Aikinta ta sa yaro ya yi tambaya.

A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Tsofaffin majami'un da muka rasa, ba duka maƙiyi ne ya rushe su ba. Da yawa mu muka rushe su da hannunmu, da kuɗin baikonmu, muna murna. Mun taɓa yin hidima a wata ikkilisiya inda aka ture ɗakin sujadar farko, na ƙasa, a yini guda, don a sami wurin ajiye motoci a gaban sabon gini. Ba wanda ya ɗauki hotonsa. Bayan shekaru, da aka tashi bikin tunawa da kafuwar ikkilisiyar, aka nemi littafin baftisma na farko, sai aka tarar gara ta cinye shi a cikin akwati. Dattijon da ya san sunayen waɗanda suka ɗebo ruwan ginin ya riga ya tafi gida. Muna cikin waɗanda suka yi shiru a ranar rushewar, don haka ba da yatsa muke nuna kowa ba. Mun ɗauka ƙasa alamar talauci ce, tayil da gilashi alamar albarka. Ikkilisiya takan yi girma, tana kuma bukatar wuri mai faɗi, wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne a ga kamar sabo ba zai tsaya ba sai an kawar da tsoho.

Abin da za mu iya yi

Na farko, zumuntarmu ta shirya ziyara zuwa Wusasa. A nemi izinin shugabannin wurin tun da wuri, a je da ladabi, a zauna a yi shiru na ɗan lokaci a ciki, a yi addu'a. Wanda ke karatun zanen gine-gine ko injiniya a cikinku ya tafi da littafi da abin awo.

Na biyu, kowa ya koma ikkilisiyarsu ta gida ya tambaya: ina aka fara sujada? A gindin wace bishiya, a zauren wa? Wa ya ba da fili? Wayar da ke hannunku ta isa ta naɗi muryar Baba da Mama da suka ga farkon abin. Ku je musu da gaisuwa, ku durƙusa, ku saurara. Ku ɗauki hoton kowane shafi na tsofaffin littattafan baftisma da na aure, da izinin dattawan ikkilisiya, a ajiye a wuri fiye da ɗaya.

Na uku, inda tsohon ginin ƙasa yake tsaye har yanzu, ku zama masu roƙo a gaban majalisar dattawa: a gina sabo a gefe, a bar tsohon ya zama ɗakin addu'a, ko na makarantar Lahadi, ko na ajiye tarihi. Kafin damina ku fito aikin gayya, a share indararo, a cire ciyawar rufi, a gyara magudanar ruwa a gindin bango. Kada a yi gaggawar shafe bangon ƙasa da siminti, domin siminti yana kulle danshi a ciki, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye har ran da ɓawon zai ɓalle. A nemo tsohon magini wanda ya san makuba, Kirista ne ko Musulmi, a biya shi hakkinsa, a sa samari biyu ko uku su koya a hannunsa. Masu wannan sana'a suna ƙarewa, kuma gado ne namu da maƙwabtanmu baki ɗaya.

Waɗanda suka gina majami'ar Wusasa mutane ne da aka fitar daga birni, waɗanda suka binne 'yan'uwansu a Girku da Gimi. Duk da haka ba su yi gini irin na mai shirin gudu ba. Sun haƙa ƙasar wurin, suka ɗaga ɗaki mai kaurin bango, suka zauna. Yanzu aikin ya iso hannunmu.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allah, kai da ka siffata mutum daga turɓayar ƙasa ka hura masa rai, mun gode maka domin iyayenmu cikin bangaskiya, waɗanda muka san sunayensu da waɗanda kai kaɗai ka sani. Ka gafarta mana inda muka raina abin da suka bar mana. Ka ba matasanmu zuciyar tambaya da hannun gyara, ka sa su tsaya a ƙasarsu ba tsoro, ba ƙiyayya, suna shaidar ƙaunarka ga kowa. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa. Amin.